Allura Mai Faffaɗan Baki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ƙwayar zarra, Ya jera ta sahu bayan sahu a cikin dutse, babu ko guda da ta ɓace wa saninSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa.

Bayan haka, dalilin wannan rubutu jikata ce Safiya. Wata rana bayan la'asar ta shigo zaure da ƙawayenta biyu da suke karatun kimiyya tare a nan Kazaure, ta miƙo mini wayarta. A fuskar wayar akwai hoton wasu fararen ɗigo-ɗigo a jere, kamar shukar da aka yi da igiya. Ta ce, "Alhaji, wai wannan ne aikin da ya tsare ka shekara talatin a Turai? Ai ɗaukar hoto ne kawai. Ko ni aka ba na'urar, kafin magariba na gama." Na ce mata amaryar da ta ƙona tuwo shekaranjiya ba ta da bakin yi wa angonta gori. Ƙawayen suka yi dariya, ita kuma ta ce tukunyar ce ba ta da kyau. Na ce to madalla, tun da ta fara ɗora laifi a kan kayan aiki, ta kama hanyar zama masaniya. Ban ba su amsa a ranar ba, don amsar doguwa ce. Ga ta nan na rubuta musu, da duk wani matashi mai irin zatonsu.

Ni ba dokta ba ne, kuma ban taɓa zama farfesa ba. Mai hannu ne. Mahaifina, wanda duk gari ke kira Malam, mai kwafar littattafai ne. Ya rubuta littattafan fiƙihu da nahawu da hannunsa fiye da yadda zan iya tunawa. A gabansa na yi karatu, kuma tun ina yaro ni ke feƙe masa alƙaluma daga karan gamba. Daga baya na yi boko, na koyi gyaran kayan awo a Kano, na kama aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a. A can wani baƙon farfesa ya gan ni ina gyara wata na'ura mai wayoyi sirara kamar gashi wadda kowa ya haƙura da ita, ya nemi in bi shi ƙasarsu. Malam ya yi istihara, ya ce in tafi, da sharaɗin kada salla ta wuce ni saboda ƙarfe.

Na'urar da na yi wa hidima ba ta ɗaukar hoto, domin ba ta da ido. Ni dai na sa mata suna mai lalube. Allura ce guda ɗaya, wadda tsininta ya ƙare a kan zarra ɗaya tak. Ana matso da ita kusa da fuskar abin da ake son dubawa, har tazarar da ke tsakani ta rage faɗin zarra biyu ko uku, amma ba ta taɓa shi. A wannan kusanci, cikin ikon Allah, lantarki yakan tsallake tazarar ba tare da wata gada ba. In allura ta ƙara kusa kaɗan, lantarkin ya ƙaru ƙwarai; in ta ja baya kaɗan, ya ragu ƙwarai. Sai a ja ta layi bayan layi, tana hawa tana sauka, kamar makaho yana bin bango da ɗan yatsa, kwamfuta kuma tana rubuta hawan da saukar. Abin da Safiya ta nuna mini shi ne wannan rubutu, an mayar da shi haske da duhu.

Abin da muke laluba kuwa wasu 'yan duwatsu ne baƙaƙe masu ƙyalli, girman ƙwayar riɗi. Muna ce musu duwatsu ko da yake a tanda ake dafa su. Kowace wayar lantarki da kuka sani tana yi wa lantarki turjiya, shi ya sa take zafi. Waɗannan kuwa, idan aka sanyaya su ƙwarai, turjiyar takan ɓace gaba ɗaya, lantarki ya ratsa su ba ya rasa komai. Masana sun gano cewa a cikinsu ƙwayoyin lantarki sukan haɗu biyu-biyu su tafi tare. A wasu ƙarafa an san abin da ke haɗa su, an yi masa ƙa'ida, kuma ƙa'idar ta zauna. Amma akwai wani jinsi da ya ƙi bin ƙa'idar nan, irin abin da malaman nahawu ke kira shazzi: ga shi tabbatacce, ba a musa samuwarsa, amma dokar da aka sani ba ta ɗauke shi ba. Wannan jinsi shi ne abincinmu. Har na bar aiki ba a gama sanin sirrinsa ba, kuma ban ji kunyar haka ba.

Allurar farko da na yi, wata dattijuwa ce ta tsaya a kaina. Ita ce babbar mai hannu a ɗakin, na sa mata suna Uwarɗaki, da na fassara mata kuma ta karɓa da murna. Ta ba ni wata siririyar waya mai tauri, ta nuna mini yadda ake tsoma bakinta cikin ruwan soda, a sa lantarki ya riƙa cin ta daidai inda ta haɗu da fuskar ruwan. Wayar takan yi wuya, wuyan ya yi ta sirancewa, har nauyin ƙasan ya tsinke shi ya faɗi. A daidai lokacin faɗuwar dole lantarki ya yanke, in ya ƙara ko ƙiftawar ido, sodar ta cinye tsinin. Na yi ta farko, na duba a madubin ƙara girma, na ga ta yi kyau. Uwarɗaki ta duba, ta jefa a kwandon shara. Haka ta yi wa ta biyu da ta uku. Na shafe wata biyu ina ciyar da kwandon nan. Ranar da ta duba wata ta ajiye a gefe, ta tambaye ni inda na koyi riƙe numfashi in ina aiki. Na ce a gaban mahaifina, wajen feƙe alƙalami. Ta ce to in gaishe shi, shi ya yi rabin aikinta.

Ɓare dutse shi ne aiki na biyu, kuma ya fi na farko sa mutum addu'a. Fuskar dutsen da ta sha iska ta ƙazantu, allura ba za ta karanta komai a kanta ba. Sai a manna dutsen a kan faranti, a manna wani ɗan sanda a samansa, a sa shi cikin na'ura inda aka zuƙe iska kaf, a sanyaya da ruwan hiliyom, wanda sanyinsa ya kusa iyakar sanyin da aka halitta. Sannan a tura ɗan sandan da wani dogon ƙarfe daga waje. Sandan ya fita da fallen sama, kamar yadda ake ɓare albasa, sabuwar fuska ta bayyana wadda iska ba ta taɓa shafa ba. Bugu ɗaya ne. In hannu ya yi nauyi, dutsen ya farfashe. In ya yi sanyi, sandan ya fita shi kaɗai. Wanda ya dafa dutsen kuwa wataƙila ya yi wata shida a gaban tanda kafin ya samu guda biyar masu kyau. Ban taɓa yin bugun nan ba sai da bisimilla, har ɗaliban da ba Musulmi ba suka saba, in na ɗaga hannu sai su yi shiru su jira in faɗa.

Sai kuma shiru. Na'urar tana zaune a kan wani katafaren siminti da ke shawagi bisa matasai na iska, a ɗakin da ke cikin wani ɗaki. Duk da haka in babbar mota ta wuce a titi mukan gani a rubutun allura. Awo ɗaya mai kyau yakan ci kwana uku, allura tana tsayawa a kowane gurbi tana tambayar dutse. A cikin kwanakin nan ba a buga ƙofa, ba a jan kujera. Na samu wani lungu a ƙarshen baranda inda nake salla, sai da na gwada na tabbata sujadata ba ta kai wa allura kafin na mayar da shi masallacina.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai farfesan da zai aiko da dutse daga wata nahiya, bayan mako guda ya fara tambayar sakamako, kamar wanda ya kai ɗinki. Akwai masu lissafi, waɗanda ba su taɓa riƙe allura ba, su zo da zanen abin da ya kamata dutse ya nuna, in bai nuna ba su dube ni. Amma waɗanda na fi zama da su ɗalibai ne masu neman digirin dokta. Sukan zo da zaton Safiya, su lalata allura goma, sannan su fara gaishe ni da safe. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Kowannensu na ga ranar da ya fara ganin zarra da idonsa, kuma babu wanda bai yi shiru ba a ranar.

A cikinsu akwai Hauwa'u, 'yar Kanya Babba ta ƙasar Ɓaɓura. A duk shekarun nan ita kaɗai ce Bahaushiyar da ta shigo ɗakinmu. Mahaifinta, Malam Isiyaku, tsohon malamin firamare ne kuma manomi. Da ya ji akwai mutumin Kazaure a wurin, ya sa aka nemo lambata, ya ce mini amana ce ya ba ni. Tana ce mini Baba, ranar Juma'a kuma takan ci tuwo a gidana tare da iyalina. Yarinya ce mai kaifin kai da saurin hannu, saurin ma har ya yi yawa. Nakan ce mata dutsen nan ba kasuwar Ɓaɓura ba ne, ba ya watsewa da yamma.

Allurar da na yi mata a shekararta ta uku ita ce mafi natsuwa da na taɓa yi. Yawancin allurai kwana kaɗan suke yi su canja baki, ko su tsinci wata zarra, aiki ya lalace. Wannan kuwa ta zauna wata da watanni ba ta motsa ba, har ɗalibai suka sa mata suna Sarauniya. Al'adar ɗakin kuma ita ce, allurar da ta zauna ba a taɓa ta, ba a ko maganar taɓa ta. Kafin a ba ɗalibi allura, nakan gwada ta a kan fuskar zinariya, in ga yadda take zana abin da na riga na san siffarsa. Ranar da na gwada Sarauniya, na lura ɗigon da ya kamata su fito zagayayyu sun ɗan yi tsawo, kamar ƙwan zabo. Kaɗan ne ƙwarai. Na ce a raina na'ura ce ba ta gama hucewa ba, na wuce. Wannan wucewa ita ce kuskurena, kuma ba ni da abokin tarayya a cikinsa.

Da wannan allura Hauwa'u ta ga abin da ya girgiza ɗakin. Zarrar dutsen nata a jere suke murabba'i, gabas da arewa duk ɗaya, babu ɓangaren da ya fi wani. Amma a rubutun allura, lantarkin ya fito da ratsi-ratsi da suka miƙe ɓangare ɗaya kawai, kamar kunyoyin gona. Ma'anarsa, lantarki ya zaɓi alƙibla da kansa alhali dutsen bai ba shi dalili ba. Masu lissafi sun daɗe suna zaton irin wannan na da hannu a sirrin jinsin nan. Farfesan ɗakinmu ya faɗi labarin a wani taro. Hauwa'u ta yi wata goma sha huɗu tana tara awo, ta rubuta maƙala, digirinta gaba ɗaya ya hau kan ratsin nan. Saura a aika.

A daidai lokacin na zo gida hutu, da kaka, ana yankan gero. Hauwa'u ta buga hoton a babbar takarda ta ba ni in kai wa mahaifinta. Malam a lokacin ya tsufa ƙwarai, ya daina kwafar dogon littafi, amma kullum da hantsi yakan zauna a ƙofar ɗakinsa inda haske ya fi, ya rubuta shafi ɗaya don kada hannu ya manta. Na zauna a gabansa na buɗe masa takardar, ina yi masa bayani da irin alfaharin da ɗa ke yi a gaban uba ko da ya yi furfura. Ya sa tabarau, ya kawo ta kusa da fuska, ya daɗe yana dubawa. Bai tambaye ni komai game da lantarki ba. Ya ɗora farcensa a kan wasu 'yan tabo da ke warwatse a hoton, waɗanda baƙin zarra ne da suka shiga dutsen, ya ce me ya sa dukkansu suka yi tsawo ɓangare ɗaya, kuma ɓangaren da ratsin ya bi.

Na ce ai wannan shi ne abin da aka gano.

Bai yi musu ba. Ya ɗauki wani alƙalami mai faffaɗan baki, ya tsoma a tawada, ya ja layi a tsaye, ya fito da kauri. Ya ja wani a kwance, ya fito siriri. Sannan ya karkata takardar, bai canja riƙon hannunsa ba, ya sake jan layukan. Kaurin bai bi takarda ba, ya tsaya inda hannu yake.

Ya ce, "Muhtari, ni ban san dutsenku ba. Amma in aka kawo mini littafi na ga duk harafin da ya miƙe ya yi kauri, duk wanda ya kwanta ya rame, ba na cewa marubucin yana nufin wani abu. Nakan ce a nuna mini alƙalaminsa. Yarinyar nan ta juya takardar kuwa?"

Na tuna ƙwan zabon da na gani a kan zinariya. Na ce ba ta juya ba, Malam. Ya ce to a juya, kafin a kai wa masu kwafa, domin shi ya sha ganin kuskure ɗaya a littafi bakwai, duk daga hannun mutum guda. Ya mayar da kansa kan shafinsa.

Washegari na shiga mota zuwa Kanya Babba, don Malam Isiyaku ya san da zuwana. Na tarar ya tara ƙannensa, an yi shimfiɗa a gindin darbejiya, an yanka kaji. Bayan gaisuwa da cin abinci ya ce, to Alhaji, yaushe Hauwa za ta dawo mana da digirin, don mahaifiyarta ta fara tanadin walima. Takardar tana cikin jakata. Da na fito da ita na nuna, da kowa ya yi murna, na koma da godiya. Na nemi mu keɓe, muka zaga bayan rumbu. Na gaya masa akwai wani gwaji da ya rage, in ya fito yadda nake tsoro, aikin wata goma sha huɗu ya rushe, dawowarta za ta ƙara shekara ko fiye, kuma laifin allurar da na yi ne.

Ya murza zangarniyar gero a hannu. Sannan ya ce, "In ba a yi gwajin ba, akwai wanda zai gane?"

Na ce wataƙila ba da wuri ba.

Ya ce, "Amma kai ka sani."

Na ce zato nake yi.

Ya ce, "Zaton ma ya isa. Na yi shekaru ina duba jarrabawar yara, ban taɓa ba ɗana makin da ba nasa ba. Ka je ku yi gwajinku. Maganar walima kuwa ka bar ni da mahaifiyarta, ni zan sha faɗan, na saba."

Da na koma bakin aiki, ita na fara samu kafin Farfesa. Da safe ne, tana gyara jerin hotunan maƙalarta. Na gaya mata abin da Malam ya ce, da abin da na gani a kan zinariya. Ta ce ai ta riga ta gwada, ta sa allura ta bi layi ta gabas, ta sa ta bi ta arewa, ratsin bai canja ba. Na ce wannan tafiyar hannu ta juya, ba takarda ba. Bakin allura da dutse suna nan yadda suke fuskantar juna. 

Ta ce, "Baba, wata goma sha huɗu fa."

Na ce na sani.

Ta ce, "Kai ka yi allurar."

Na ce ni na yi ta, ni kuma na gwada ta na wuce.

Ta tashi ta fita, ban sake ganinta ba a ranar. Kashegari na tarar da ita a teburin manne, ta ɗauko ɗaya daga duwatsu biyu da suka rage mata, tana manna shi a karkace, sahun zarrarsa ya kauce wa yadda na farko ya zauna. Ta ce in ratsin ya bi sahun zarra, nata ne. In ya tsaya inda yake, na Sarauniya ne. Gwajin yana da haɗari ko da ita ce da gaskiya, domin sai an ja allurar baya an sauya faranti, kuma a irin wannan sauyi allura takan mutu. Ta ce ni zan ɓare. Na yi bisimilla na buga, dutsen ya ɓare da kyau. Sarauniya ta sauka lafiya, kamar ta san ita ake tuhuma.

Kwana uku muka jira. Rana ta uku bayan azahar hoton ya cika. Sahun zarra ya fito a karkace, yadda ta manna shi. Ratsin kuwa yana nan a miƙe inda yake tun farko, bai kula da dutsen ba ko kaɗan. Hauwa'u ta yi istirja'i a hankali, ta ce, "Baba, a ciro ta." Ita da kanta ta tafi ofishin Farfesa, na bi ta a baya don in faɗi nawa. Mutumin kirki ne. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, sannan ya ce gara da muka ji daga bakinmu. A makon ya rubuta wa waɗanda suka ji shi a taro ya janye maganarsa.

Na kira Malam a waya, ƙanena ya kara masa a kunne. Na ce, "Malam, alƙalamin ne."

Ya ce, "To ka feƙe wani."

Wannan ita ce mummunar shekararmu. Masu aiko mana da duwatsu suka ja baya, wasu suka fara tambayar tsofaffin sakamakonmu, sai da muka koma muka sake auna da yawa daga ciki. Hiliyom ya yi wuyar samu, na'ura ta yi wata biyu a kashe. Allurai suka ƙi ni, kamar hannuna ya manta. Na koma ciyar da kwandon shara irin na zamanin Uwarɗaki. Abokan shigar Hauwa'u suka gama suka tafi. A daminar shekarar Allah Ya karɓi ran Malam, Allah Ya jiƙansa da rahama. Muka kafa sabuwar doka a ɗakin: ba a yarda da wani ratsi sai an gan shi da allura uku, an kuma juya dutse. Ɗalibai ba su so dokar ba, don tana ninka aiki, amma Hauwa'u ce ke tsare ta, kuma babu mai iya yi mata musu.

Da allurai masu zagayen baki, ratsin nan ya ɓace kusan duka. Abin da ya rage wata 'yar inuwa ce mai tsawo a kewayen baƙin zarra, wadda sai an ƙura ido. Ba ta yarda da ita ba, ni ma haka. Sai wata rana, a cikin hoto guda, ta ci karo da wata iyaka: a hagunta inuwoyin sun miƙe gabas, a damanta sun miƙe arewa, allura ɗaya, awo ɗaya. Ta kira ni ta nuna mini, ta ce alƙalami ɗaya a riƙo ɗaya ba zai yi kauri ta fuska biyu ba. Na ce haka ne, wannan na dutse ne. Abin ƙarami ne idan aka gwada da na farko, littafin digirinta ma bai kai kaurin wanda ta fara rubutawa ba. Amma wasu ɗakunan gwaji sun auna sun samu yadda ta faɗa. Walimar Kanya Babba ta yi jinkirin shekara biyu. Na halarta, mahaifiyarta kuma ta aiko mini da kwanon nama mafi girma, tare da saƙon cewa ta yafe, amma ba ta manta ba.

Yanzu Hauwa'u tana koyarwa a wata jami'a a nan Arewa, tana fama ta haɗa ƙaramar mai lalube da ɗalibanta. In ta zo gida takan biyo ta Kazaure ta gaishe ni, mu yi ta maganar waya da soda har a kira salla. Sarauniya kuwa na roƙa aka ba ni da zan bar aiki. Tana cikin wani ɗan gwangwani tare da alƙalamin da Malam ya ja layukan nan da shi.

Da na gama rubuta wannan na ba Safiya ta karanta, ta nemi ganin gwangwanin. Ta duba allurar ta ce ita ba ta ga wani faɗi a bakinta ba. Na ce ni ma ban gani ba, shi ya sa ta ruɗe mu. Ta ce to in koya mata yin allura. Na ce ba ni da soda ba ni da waya, amma ga karan gamba ga aska, daga nan ni ma na fara. Yau kwana tara ke nan tana zuwa bayan la'asar. Jiya ta kawo mini wanda ta ce ya yi, na tsoma a tawada na ja layi a tsaye, na ja a kwance, na karkata takarda na sake ja, na miƙa mata ta duba da kanta. Ta duba, ta ga wani layi ya fi wani kauri, ta ɓata rai, ta ce yanzu ya za ta yi. Na ce ta feƙe wani.

Allah Ya sa albarka ga wanda ya karanta wannan, da iyayensa, da iyalinsa, da duk wanda ke ƙarƙashin rufin gidansa. Ya daidaita mana hannuwanmu a kan ayyukanmu, Ya nuna mana kuskurenmu tun muna da ikon gyarawa, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu. Amin.